Sanda Ba Ta Kashe Haukan Kare

Ina da shekara 14 ranar da aka kashe karen nan a bakin kasuwar garinmu. Da hantsi ya shigo unguwa yana tangaɗi, yawu na dalala daga bakinsa, ya ciji akuya, ya ciji turken da aka ɗaure ta, sannan ya cafki autan Baffana a dambubu, yaro ɗan shekara 7 da aka aika sayen gishiri. Samari suka bi shi da gora da duwatsu har suka ga bayansa. Aka tsige gashin wutsiyarsa, aka ƙona, aka shafa tokar a kan raunin, aka ɗaure da tsumma. Da yamma Baffa ya dubi mahaifiyar yaron ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ai an kashe shi." Hankalinmu kuwa duk ya kwanta.

Rauni ya warke cikin mako biyu. Bayan wata biyu Auta ya fara zazzaɓi, yana sosa tabon kamar zai cire fatar. Kwana uku a tsakani, in aka miƙa masa moɗa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ta yana kuka alhali ƙishirwa na cin sa. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, daga bisani aka kai shi asibiti, inda aka ce wa Baffa ya koma da shi gida. Ya rasu da asubar Laraba.

Sai da na shiga jami'a, a wani darasi kan cututtukan dabbobi, na ji sunan abin da ya kashe ƙanena, na kuma ji cewa sabulu da ruwa da 'yan allurai za su iya zama sanadin tsirarsa. Tun daga ranar nake riƙe da ƙorafin da zan zube a nan. Al'ummarmu ta mayar da kashe mahaukacin kare makwafin maganin haukan kare, hukumominmu kuma sun ji daɗin wannan ruɗu domin ya ɗauke musu nauyi. An bar jaki ana dukan taiki, yara kuma suna ta mutuwa.

Haukan kare cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa. Tana shiga jiki ta yawun dabbar da ta kamu, ta hanyar cizo ko yaƙushi. Daga bakin rauni sai ta bi jijiyoyin laka tana hawa a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, tafiyar da yawanci kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Wannan jinkiri shi ne damar da mutum yake da ita, shi ne kuma tarkon da ke yaudarar iyaye, domin rauni kan warke a waje cuta na tafiya a ciki. Muddin ba ta isa ƙwaƙwalwa ba, ana iya tare ta: a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a fara allurar rigakafi tun a ranar. Da zarar tsoron ruwa da firgita sun bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ke mutuwa da wannan cuta kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ga shi kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar wannan cuta a Faransa ya rayu. Maganin da ya haura shekara 130 a duniya bai iso ƙofar gidan Baffana ba.

Hujjar farko da nake ji duk lokacin da na tayar da maganar nan ita ce, "A karkashe karnukan mana, kowa ya huta." An gwada. Lokacin da cutar ta shiga tsibirin Bali na Indunusiya a 2008, hukumomi sun fara da kisan karnuka ba ƙaƙƙautawa, cutar ta ci gaba da yaɗuwa, mutane suka ci gaba da mutuwa. Adadin bai fara sauka ba sai da aka koma yi wa karnuka allura gari-gari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karya na haihuwa da yawa, juji kuma na nan cike da abinci, don haka gurbin da aka share yau gobe 'yan kwikwiyo marasa rigakafi za su cike shi. Mai kare da ya ji ana kisa sai ya ɓoye nasa ko ya kai shi wani ƙauye, da cutar a jikinsa. Shi kuma mai kisa ba ya bambance karen da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, sai ya rushe katangar da ke kare garin da hannunsa. Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, aka maimaita shekara bayan shekara, ƙwayar kan rasa jikin da za ta faɗa, sai ta mutu. Da wannan hanya Meziko ta bi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaide ta a 2019 cewa ta kawar da haukan karen da ke kama mutane ta hanyar karnuka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Ana cewa, ƙasar da mace mai naƙuda ke rasa gado a asibiti, ina ita ina kashe kuɗi a kan kare? Amsata lissafi ce. Yi wa kare guda allura daloli kaɗan ne. Jinyar mutum guda da aka ciza, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta haura dala 100, in an haɗa da kuɗin mota zuwa birni sau uku ko huɗu da kwanakin gona da za a rasa. Talaka ba shi da wannan kuɗi, shi ya sa yake komawa ga toka da tsumma. Allurar da aka yi wa kare, ɗan talaka aka yi wa a fakaice. Wanda ya ƙi ta da sunan tausayin mutane, mutanen ya bari da cizo.

Hujja ta uku ba a cika furta ta a fili ba, amma ita ce ta fi aiki a zukata: kare ƙazami ne, mutumin kirki ba ya taɓa shi, balle ya riƙe shi a yi masa allura. Ina roƙon malamanmu su yi magana a kan wannan, domin bakinsu ya fi nawa kaiwa. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, shari'a kuma ta halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Mun ajiye shi ɗin kuwa. Yana bin makiyayi, yana gaban mafarauci, yana kwana a ƙofar gida yana kore ɓarawo. Muna cin moriyarsa, amma in aka zo batun lafiyarsa sai mu ce ba namu ba ne. Dabbar da kake amfana da ita amana ce a hannunka, kuma cutar da ta ɗauko ta kai wa ɗan maƙwabci, da hannunka a ciki.

Ga mai cewa wannan aiki ya fi ƙarfinmu, tarihin ƙasarmu ya isa ya ba shi amsa. Kakanninmu sun san bushiya. Wannan annoba ta shanu ta shigo Afirka a 1887 ta tashar Masawa a Iritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su, kafin 'yan shekaru ta iso yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. A wurare da dama ta kashe tara cikin goma na shanu, mai garke ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Saboda ita aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924. A Kano aka zauna a 1961 aka tsara yaƙin haɗin gwiwa da ita, aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ma'aikata na bin ruga-ruga da mashaya-mashaya da allurar da Walter Plowright ya samar. Cutar ta ja baya. Sai aka saki jiki, aka rage allura, ta dawo da ƙarfinta a 1983 ta sake yi wa makiyayanmu ɓarna. Aka sake ɗaura ɗamara, wannan karon ba a tsaya ba, har a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa shafewa, bayan agana. Ba a kashe shanu don a kashe bushiya ba. Allura aka yi musu, aka kuma dage. Ranar da aka yi sakaci, an biya farashinsa.

Akwai wani darasi a labarin bushiya da ya shafi dawa. A dajin Serengeti na Tanzaniya an daɗe ana zaton namun daji ne matattarar cutar, su ke shafa wa shanu. Da aka yi wa shanun da ke kewaye da dajin allura a farkon shekarun 1960, sai cutar ta ɓace a cikin namun dajin ma, ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Wani naman daji dangin gwanki da Waswahili ke kira nyumbu ya ƙaru daga kimanin 250,000 zuwa fiye da miliyan 1 cikin ƙasa da shekara 20. Ashe daga gida cutar ke shiga daji. Haka lamarin karnuka yake. A 1994 cutar distamfa, wadda aka danganta da karnukan ƙauyukan gefen dajin, ta kashe zakunan Serengeti kusan 1,000, wato kimanin ɗaya cikin uku. A tsaunukan Bale na Habasha, haukan karen da karnukan makiyaya ke kaiwa ya sha rage kyarkecin Habasha, dabbar da saura 'yan ɗaruruwa kawai a duniya. Mu ma muna da Yankari da Gashaka-Gumti, kewaye da ƙauyuka masu karnuka da shanu. Duk mai son jikokinsa su ga zaki da ɓauna a ƙasarsu, to ya fara da karen ƙofar gidansa.

Halin nan namu na jiran cuta ta bayyana sannan mu ɗauki makami bai tsaya a kan kare ba. Saniya ta kwanta, sai a yi maza a sa wuƙa don kada ta yi mushe, a kai naman kasuwa. In ciwon saifa ne, wanda ƙwayar bakteriya ke kawowa, mahauci da mai jima da mai girki duk suna cikin haɗari, jinin da ya zuba kuma ya bar irin cutar a ƙasa na shekaru da dama. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a Yulin 2023. Shi ma yana da allura, ana kuma yin ta a Vom. Wuƙa a wuyan saniya da gora a kan kare tunani ɗaya ne ya haife su.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ƙasar da ta bi gida-gida tana ɗiga wa yara maganin shan inna har aka shaide ta a 2020, ta san hanyar kowane lungu. A ware mako guda kowace shekara, a haɗa shi da ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe wa wannan cuta, a yi wa karnuka allura kyauta a ƙofar fadar dagaci, a ɗaura wa kowanne alama a wuya. A sa sarakunan farauta da arɗo-arɗo a gaba, domin su ne masu karnukan, su kuma ake jin maganarsu. A ajiye allurar mutane a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, mai cizo ya same ta ba tare da ya sayar da akuya ba. A koya wa ɗan firamare maganar sabulu da minti 15 kamar yadda ake koya masa alwala. Karen gida da ya ciji mutum, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 a ga halinsa, wanda aka ciza kuma ya fara allura ba jira. In kare ya mutu ko an kashe shi, a kira ma'aikacin dabbobi ya ɗauki kan a gwada, a rubuta. Mutuwar Auta ba ta shiga littafin kowa ba, kuma cutar da ba a ƙirga ba, ba a yi mata kasafi. Yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, babu sauran uzurin cewa ba a san mai alhakin ba.

Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Ban sani ba ko za mu cim masa, amma na san abin da zai hana mu. Bara da na je gida hutun sallah, na ji ihun samari a bayan masallaci, sun taso wani kare. Da suka gama da shi na tambayi wa ya ciza. Aka nuna mini wata yarinya tana tsaye a zaure, an ɗaure mata hannu da tsumma. Na kwance shi, na nemi sabulu da buta, muka zauna a bakin rariya ina wankewa ina duban agogo. Kakarta ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ai an kashe shi." Na ce, "Na gani, Iya. A taimaka a nemo mana mai babur."