Ƙwallo Ma Fagen Siyasa Ne: Misalin Bolibiya

Da yawa daga cikin malamai suna ɗaukar filin ƙwallo wurin ɓata lokaci kawai. A ganina wannan kuskure ne, musamman idan aka dubi al'ummomin da aka daɗe da mayar da su saniyar ware. Inda aka hana mutane kujerar majalisa, sau da yawa a bakin fili suke fara koyon tara jama'a, da tsara dokoki, da sasanta rigima.

Alal misali, a ƙasar Bolibiya ta Kudancin Amurka, 'yan asalin ƙasa irin su Aymara da Kecuwa sun shafe ɗaruruwan shekaru jikokin Turawan Sifen ne ke jan ragamarsu. Evo Morales, ɗan ƙabilar Aymara, bai shigo siyasa ta ƙofar jami'a ba. Muƙaminsa na farko a ƙungiyar manoman ganyen koka ta yankin Chapare shi ne sakataren wasanni. Ta hanyar shirya gasa tsakanin ƙauyuka ya san manoma, su ma suka san shi. Daga nan ya zama shugaban ƙungiya, har a 2006 ya hau kujerar shugaban ƙasa.

A 2007 hukumar FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a filayen da tudunsu ya haura mita 2,500, wai don kare lafiyar 'yan wasa. Filin birnin La Paz kuwa yana kan kimanin mita 3,600. Mutanen tsaunukan Andes sun ɗauki hukuncin a matsayin cin fuska, kuma ina ganin suna da gaskiya: yaya za a ce wurin da aka haifi mutum, ya yi noma, ya tsufa, bai dace da wasa ba, alhali ba a hana wasa cikin tsananin zafin wasu ƙasashe ba? Morales bai tsaya ga takardar koke ba. Ya hau dutsen Sajama, wajen mita 6,000, ya taka leda a kan ƙanƙara. A 2008 FIFA ta janye dokar.

Sai dai kada ɗalibi ya zaci farin jinin fili yana wanke shugaba. A 2016 jama'a suka ƙi amincewa, ta ƙuri'ar raba gardama, ya sake tsayawa takara. Ya yi kunnen ƙashi ya tsaya, zaɓen 2019 ya ƙare cikin tarzoma, shi kuma ya sauka ya bar ƙasar.