Tuwon Madara, Kantu Da Gireba: Abin Da Tukunyar Sukari Ke Koyarwa

Hutun ƙarshen zango ya ƙarato, kuma na san abin da zai biyo baya a gidaje da yawa: da safe ƙanne su yi layi gaban Baba, kowa ya karɓi kuɗin alawa, kafin hantsi kuɗin ya koma aljihun mai shago, abin da ya rage a tsakar gida ledoji ne kawai da za a bar wa Umma shara. Wanda ya iya lissafi a cikinku ya ninka abin da yara biyar ke karɓa kullum sau kwana 30, ya ga gwangwani nawa na sukari da madara kuɗin zai saya.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Daga cikin garin Gwarzo zuwa Getso da Kutama, daga Kabo zuwa Garo da Gude, da wuya ka shiga unguwar da babu wata dattijuwa da ta ƙware a alkaki ko nakiya ko dakuwa. Amma ku duba ku gani, mu nawa ne a cikin sa'o'inmu muka taɓa zama kusa da ita muka koya? Yau idan za a kai gara, gidaje da dama sai a aika cikin birni a yi odar dubulan da cincin. Idan ka tambaya sai a ce ai wance ce mai hannu, sauran ko sun yi ba ya kyau. Ni dai ban yarda da maganar hannun nan ba. Abin da wance ta sani shi ne lokacin da ake sauke tukunya, wannan kuwa abu ne da ake koyo, har ma wani ɓangarensa yana cikin littafin kemistirin da kuke ɗauka zuwa aji.

Ga yadda abin yake. Ruwa zalla yana tafasa ne a wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma duk yadda kuka iza wuta ba zai wuce nan ba. Amma da zarar an narka sukari a ciki, lamarin ya canza. Ruwan yana ta fita a matsayin tururi, sukarin yana ƙara kauri, zafinsa yana ta hawa. A wajen digiri 112 zuwa 116, idan abin ya huce zai yi laushi, a iya yanka shi da wuƙa. A wajen digiri 150 kusan duk ruwan ya gudu, idan ya huce zai yi tauri ya riƙa karyewa ƙaras kamar kwalba. Daga 160 zuwa 170 sai ya fara rikiɗa zuwa ruwan zuma yana ƙamshi. Ku ƙara masa ɗan lokaci kaɗan bayan nan, sai baƙi da ɗaci da hayaƙi. Ke nan sukarin da ya ba ku tuwon madara mai laushi shi ne zai ba ku kantu mai ƙaras-ƙaras, bambancin 'yan mintoci ne a kan wuta.

Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, ku ma ba kwa buƙatarsa. Ku ajiye kofin ruwan sanyi a gefen murhu. Ku ɗiga ruwan sukarin a ciki da cokali: idan ya baje ya narke, da saura. Idan ya taru a ƙasan kofin har kuka iya murza shi da yatsu ya zama ɗan curi mai laushi, to kun kai matakin farko. Idan ya daskare nan take ya karye da kun lanƙwasa shi, kun kai na biyu.

Mu fara da tuwon madara, tunda shi ne ya fi sauƙi. A gidanmu da gwangwanin madara muke awo: uku na madarar gari, ɗaya na sukari, rabi na ruwa. Ku ɗora ruwan da sukarin a wuta marar ƙarfi har sukarin ya narke, ku bar shi ya yi ta tafasa ba tare da yawan juyawa ba. Da gwajin kofi ya ba ku curi mai laushi sai ku sauke, ku riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan kuna tuƙawa da muciya kamar dai tuwo, daga nan ma sunan ya samo asali. Ku juye a faranti da kuka shafa wa ɗan mai, ku ɗora leda mai tsabta a kai, ku murza da kwalba ya baje, ku yanka tun da ɗuminsa. Idan ya ƙi daskarewa, kun sauke sukarin da wuri. Idan ya yi ta marmashewa kamar garin kwaki, ya wuce lokaci. Babu aljani a ciki, babu baƙin hannu.

Kantu kuwa yana can a ɗaya ƙarshen. A rege riɗi sosai don fitar da tsakuwa, domin babu abin da ke ɓata kantu kamar haƙori ya ci karo da yashi. A shanya ya bushe, a soya shi sama-sama a busasshiyar tukunya har ya fara tsalle yana ƙamshi. Sai a narka sukari, gwangwani ɗaya ga riɗi gwangwani biyu, har ya yi ruwan zuma, a juye riɗin a ciki, a gauraya da sauri, a baje, a yanka nan take. A nan babu tsayawa amsa sallama. Minti biyu kuka yi jinkiri sai dai ku fasa shi da taɓarya. Wanda ya samu mazarƙwaila, wadda ake dafawa daga ruwan rake a wurare irin su Maƙarfi, zai iya sa ta a madadin farin sukari, ƙamshinta ma ya fi.

Haka ake yi da gyaɗa, wadda yawancin gidajenmu ba sa rasa ta bayan kaka. Sai dai a nan akwai maganar da ba wasa ba. Gyaɗar da aka adana da danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali. Suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Don haka kafin ku soya, ku baje gyaɗar a faifai ku tsince duk wadda ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda. Ku zubar, kada ku ce asara ce ku ba ƙaramin ƙaninku.

Gullisuwa ita ce ta fi ba ni sha'awa. Madara fara, sukari fari, amma abin da ke fitowa daga kasko ja ne mai ƙamshin da babu shi a cikin ko ɗayansu. Daga ina ya zo? Idan sinadarin furotin da ke cikin madara ya haɗu da sukari a kan zafi, sai su haifar da sababbin sinadarai masu launi da ƙamshi. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan a rubuce a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiran abin. Shi ne dai ke sa bayan burodi ya yi ja, shi ke ba tsire ƙamshinsa. Ranar da malamin kemistiri ya nemi misali, ku ce gullisuwa ku ga yadda zai kalle ku.

Sai kuma wata dabara ta masu alkaki. Kun taɓa lura suna sa ruwan tsamiya ko lemon tsami a cikin ruwan sukarin da ake tsoma alkakin? Mutane na zaton don ɗanɗano ne kawai. Tsamin yana raba sukarinmu na gida, wato sukuros, gida biyu: gulukos da furuktos. Idan an samu waɗannan a ciki, sukarin ba ya saurin komawa tsaba, shi ya sa alkaki mai kyau yake daɗewa yana sheƙi, bai yi farin ɓawo ba.

Sunayen kansu suna da labari. Alawa daga kalmar Larabci halawa take, alkaki daga ka'ak, gireba kuma daga guraiba, wadda har yau ake toyawa a Masar da Libiya da Sham. Ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa ayarin raƙuma ya shafe ɗaruruwan shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kano da Tarabulus, kuma fataken Larabawa sun zauna a cikin birnin Kano. Hallaka-kwabo kuwa namu ne na gida, sunansa kaɗai ya ishe ku sanin cewa yara sun daɗe suna ƙarar da kuɗin iyaye a kan zaƙi.

Gireba ita ce biskit ɗinmu, kuma a nan ne masu cewa "ai ba mu da obin" suke ajiye makamai. Tukunya ma ta isa. Ku samu yashi mai tsabta, ku wanke, ku shanya, ku zuba a ƙasan tsohuwar tukunya mai kauri kamar tsayin gaɓar yatsa biyu. Ku rufe, ku ɗora a wuta minti 10 ya ɗau zafi. Ƙullun kuwa: fulawa gwangwani huɗu, sukarin da aka daka ya yi laushi gwangwani ɗaya, man gyaɗa gwangwani ɗaya, da ɗan gishiri. Ku murza da hannu har ya haɗe. Idan ya ƙi kamuwa ku yayyafa ruwa kaɗan, kaɗan fa. Ku cura, ku ɗan danna, ku barbaɗa riɗi a kai, ku jera a faranti na ƙarfe, ku ɗora a kan yashin. Ku rufe, ku zuba 'yan garwashi a kan murfin don sama ma ya gasu. Bayan minti 20 ku leƙa.

Dalilin hana yawan ruwa shi ne, fulawa tana da wani furotin da ke yin danƙo idan ya sha ruwa ya sha murza. Mai burodi wannan danƙon yake nema. Mai gireba guje masa take yi, shi ya sa ake fara cuɗa fulawar da mai, man ya lulluɓe ta. Gireba mai kyau a baki take narkewa. Wadda aka cika wa ruwa sai an jiƙa a shayi.

Yanzu maganar wuta. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, ga shi yana manne wa fata. Kada ku taɓa ɗanɗana shi daga tukunya ko ku sa yatsa. Ku kori ƙananan yara daga madafa kafin ku fara, ku naɗe mayafi da hannun riga, kuma a karon farko a samu babba a kusa. In tsautsayi ya gifta, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja. Idan ƙunar ta yi faɗi ko ta shafi fuska, a wuce asibiti.

Kada kuma ku ce tunda na gida ne sai a ci a ƙoshi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, rabin haka ma ya fi. Shayin safe da lemon kwalba duk suna cikin lissafin. Amfanin yin na gida shi ne wuƙar tana hannunku: ku yanka ƙanana, a ba kowa biyu bayan cin abinci, a wanke baki kafin barci.

Samari, na san wasunku sun fara cewa wannan shafin na 'yan mata ne. Ku leƙa gidan burodi mafi kusa da ku, ku ga su wa ke tsaye gaban wuta. Mai shayi da mai tsire ma ba ku taɓa cewa aikin mata suke yi ba.

Aikin hutun da zan ba ku shi ne wannan. Ku ware shafi biyu a bayan wani tsohon littafin rubutu, ku je wurin Kaka ko Gwaggo ranar da za ta yi alkaki ko nakiya. Za ta ce muku ita ba ta awo, da ido take yi. Kada ku yi musu. Duk abin da ta ɗebo da hannu, ku roƙe ta ta juye a gwangwani kafin ya shiga ƙwarya, ku rubuta. Ku rubuta kwana nawa ƙullun ya yi, da irin launin da ta gani ta ce a sauke. A ɗaya shafin ku rubuta kuɗin da kuka kashe a kan kayan tuwon madara ko gireba, ku raba da adadin guda nawa kuka samu, ku kwatanta da farashin mai shago.

Abu na ƙarshe, ajiya. Sukari yana jan danshin iska, shi ya sa kantun da aka yi da hunturu yake daɗewa da ƙaras ɗinsa, na damina kuwa kafin kwana biyu ya fara naso yana manne wa yatsu. Ku bari komai ya huce sarai, sannan ku zuba a roba ko kwalba mai murfi ku rufe gam. Tuwon madara kada ya wuce 'yan kwanaki. Wurin da za ku ɓoye robar kuwa, kun fi ni sanin ƙannenku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.