Ku bar Kojo Laing ya sarara

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin matasan Sakasaka masu karatu: "Littafin nan ba ya shiga." Mutum ya karanta shafi goma na Search Sweet Country, ya rufe, ya fito majalisa yana cewa marubucin burga kawai yake yi da Turanci. Ni kam ban yarda ba.

Kojo Laing, haifaffen Kumasi a 1946, ya fitar da littafin a 1986, ya ɗauko Accra ta 1975, zamanin mulkin Acheampong. Babu tauraro guda da za ka bi. Ga tsoho Beni Baidoo da ya nace sai ya kafa ƙauyensa, ga Adwoa Adde mai shawagi a sararin birni cikin dare. Jimla takan tashi da Turanci, ta ɗauko Twi, ta ratsa Ga, ta sauka kan kalmar da shi da kansa ya ƙera. Wai wannan ne ya gagare ku? Ku shiga kasuwar Aboabo ku saurari ciniki: Dagbanci, Hausa, Twi da Turanci a numfashi guda, kuma ba a taɓa jin wanda ya koma gida babu doya don bai gane ba.

Abin haushin, masu ƙorafin nan jikokin waɗanda suka durƙusa a zauren malamai ne suna karatun Muƙamatul Hariri, muƙama hamsin, cike da Larabcin da Balarabe ma sai ya buɗe ƙamus. Layi biyu yau, a maimaita, a dawo gobe. Ba wanda ya ce Hariri ne mai laifi. Yanzu waya ta koya mana cewa labarin da bai kai ga aure ko saki a babi na uku ba, ɓata lokaci ne.

Duk wanda ya saba zama gaban makirfo ya san rubutu yana da numfashi. Ku karanta Laing da babbar murya, shafi uku kacal a zama ɗaya. Kalmar da ta tsaya muku a wuya, akwai jerin ma'anoni a ƙarshen littafin. Kunne zai kama abin da ido ya tsallake, kuma za ku tarar mutumin nan ɗan barkwanci ne na gaske.

Laing ya rasu a 2017. Wanda ya gama wannan, Woman of the Aeroplanes na 1988 na jiransa, inda wani garin Gana da ba ya cikin taswira ya ƙulla hulɗa da wani gari a Sikotland. Shi ma ba zai raga muku ba.