Zazzaɓin Teku da Makomar Masunta

Sanin kowa ne cewa duniya tana ƙara ɗumama saboda hayaƙin kwal da man fetur da iskar gas, amma ba kowa ne ya lura ba cewa teku ce ke haɗiye kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi. Idan ruwan wani yanki ya yi kwana 5 ko fiye da zafin da ya zarce na al'ada ƙwarai, to ya kamu da abin da za a iya kira zazzaɓin teku.

Inda ya fi ɓarna shi ne tekun bakin gaɓa, wato inda ƙasar nahiya ta shimfiɗu a ƙarƙashin ruwan da zurfinsa bai cika wuce mita 200 ba. Ruwa marar zurfi yakan yi saurin ɗaukar zafi, ga shi kuwa a nan ake kama mafi yawan kifin da duniya ke ci.

Alal misali, a 2018 da 2019 zazzaɓi ya sauka a gabashin Tekun Berin, kusa da Alaska ta ƙasar Amurka. Ƙanƙara ta ragu, ruwan ƙasa ya yi ɗumi. Da ɗumi ya ratsa jikin ƙaguwar yankin, sai bukatarta ta abinci ta ƙaru, abincin kuwa bai wadata ba. Kafin ƙarshen 2021 ƙaguwa wajen biliyan 10 ta salwanta, galibi saboda yunwa. A 2022 hukuma ta hana kamunta, abin da ba a taɓa yi ba, masunta suka wayi gari hannu rabbana.

Wani zai ce teku ta saba yin zafi ta huce. Gaskiya ne, sai dai rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna cewa yawan aukuwar wannan zazzaɓi ya ninka tun daga 1982, kuma zai ci gaba da ƙaruwa muddin hayaƙi bai ragu ba. Ashe abin da ake ɗauka baƙo ne yana neman zama ɗan gari.

Bisa ga haka, kuskure ne hukumomi su ci gaba da yanka wa masunta adadin kamu bisa lissafin shekarun sanyi. Wajibi ne a riƙa auna zafin ruwa, a rage kamu da zarar alama ta bayyana, a kuma yi wa masunta asusun ko-ta-kwana. Tushen magani dai shi ne rage hayaƙi.

Kada mazaunin Kano ya ce nesa ce. Titus da shawa da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu daga tekunan arewacin Turai ake kawo su, kuma a watan Yunin 2023 zazzaɓi ya leƙa ruwan da ke kewaye da Birtaniya. Hausawa kan ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.