Kafin Hajiya ta biya kuɗin bulokaji

Makon jiya wata ƴar uwata mai shago a kasuwar Wadata ta kira ni, ta ce direbanta ya zo mata da magana, wai a sa wa Hilux ɗinta wani ƙarfe da ake kira bulokaji otomatik, domin sau biyu ke nan motar tana kafewa a yashi idan sun bar kwalta sun shiga ƙauyuka bayan kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi. Ta ce mini ita dai ba ta san mota ba, atamfa ta sani. Na ce mata ta riƙe kuɗinta tukuna. Abin da na gaya mata shi ne zan maimaita a nan, domin na san ba ita kaɗai ba ce.

A tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, wanda makanikanmu ke kira pon, akwai wani tulu mai haƙora, diferansiyal. Aikinsa shi ne idan mota za ta sha kwana, ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu, tunda hanyarta ta fi tsawo. Illarsa ɗaya ce. Idan taya ɗaya ta faɗa laka ko ta rataye a iska, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ƴar uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi tana tsaye. Duk wanda ya taɓa sauka ya tura mota a damina ya ga haka da idonsa. Bulokaji yana kulle tayoyin biyu ne su juya tare.

To iri biyu ne. Akwai wanda direba ke kunnawa da hannunsa idan ya ga wuri ya ɓaci, ya kashe idan ya fita, kamar na kamfanin ARB na Ostareliya mai aiki da iska, ko na lantarki da Toyota ke sa wa wasu Land Cruiser tun daga masana'anta. Akwai kuma mai aiki da kansa, irin su Detroit Locker da Lock-Right na Amurka, wanda muddin ƙafar direba na kan totur a kulle yake, sai a kwana ya saki taya ɗaya da ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Wannan na biyun ya fi araha, shi ya sa direbobi ke son sa.

Ni ra'ayina, motar da ke kwana a Yamai ba ta buƙatar wannan na biyun a tayoyin baya. Hajiya ta ƙirga da kanta: kwana nawa a mako motar ke shiga daji? Ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sauran kwanakin tana tsakanin Katako da Babbar Kasuwa da Harobanda, tana haye gadar Kennedy, tana zagaya shataletale, tana kai yara makaranta. A kan kwalta kuwa wannan ƙarfe cin taya yake, domin a kowace kwana da direba ya taka wuta taya ɗaya na gogar ƙasa. Idan ruwan Agusta ya jiƙa titi kuma bayan motar babu kaya, yana iya wurgar da gindinta gefe, ga ƴan kabu-kabu a ko'ina.

Akwai kuma abin da masu tallarsa ba sa faɗa, wanda mu ya fi shafa. Wannan ƙarfe yana son tayoyin baya biyu su zama girma ɗaya, iska ɗaya. Mu kuwa nawa ne cikinmu ke sayen sabuwar taya biyu rana ɗaya? Okaziyo muke saye, ɗaya yau, ɗaya bayan salla, wannan ta gaji wannan da sauranta. Da irin waɗannan tayoyi zai yi ta kullewa yana buɗewa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sannan ga lodi. An ɗora buhunan gero da albasa har sun wuce kan mota, an ƙara mutane a sama, taya ɗaya ta kama dutse, duk ƙarfin inji ya koma kanta. A nan ne sandar da ke juya tayar take karyewa, kuma ba a ƙauye ake samun ta ba.

Ban ce ba shi da amfani ba. Wanda sana'arsa daji ce kullum, mai bin rugage sayen dabbobi ko mai ɗauko itace, zai ji daɗinsa. Kuma a tsohuwar Hilux wadda ake kulle tayoyin gabanta da hannu, wasu na sa shi a gaba, inda yake barci har sai an sa kat-kat, sai dai a lokacin sitiyari kan yi tauri. A motar da tayoyinta huɗu ke ja kullum, kamar Prado, kada ma a soma sa shi a gaba.

Kuma kada a ruɗe mu da zancen damina. A Agustan 2024 da ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, babu bulokajin da ya ƙetarar da kowa. Yana ma iya sa direba ya ga kamar babu ƙoramar da ta fi ƙarfinsa, ya shiga da kayan mutane.

Kafewar yashi da ƴar uwata ke kuka da ita, mafi yawanta maganinsa rage iskar taya ne kafin a shiga, a mayar da ita idan an hau kwalta. Saboda haka na ce ta sayi tayoyi huɗu masu kyau iri ɗaya, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, da shebur, da igiyar ja, kuma ta sa makaniki ya duba ko kat-kat ɗin na shiga da gaske, domin da yawa daga motocin da aka shigo da su ta Kotonu an daɗe da lalata shi. In bayan damina ɗaya motar na kafewa, sai ta tara kuɗi ta sayi mai maɓalli. Direban dai bai ji daɗin shawarar ba, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce.