Daga Jaka Zuwa Bakin Teku: Darasin da Kiribi Ta Koya Mana

 A wannan makon za mu kai ku kudancin Kamaru, inda mu huɗu muka yi hutun ƙarshen zango, kowa da jakarsa a baya da ɗan guzirin da ya tara.

Mun tsallaka iyaka da fasfo da katin allurar rigakafin shawara, muka canji naira zuwa sefa. Daga Garwa muka shiga mota zuwa Ngaundare, muka kwana a jirgin ƙasa har Yawunde, sannan bas ta sauke mu a Kiribi, a bakin tekun Atlantika. Dukkanmu babu wanda ya taɓa ganin teku sai a talabijin. Da muka hango ruwa ba iyaka, sai kowa ya yi tsit.

Kudu da garin kaɗan akwai kogin Lobe, wanda ruwansa ke gangarowa daga kan duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku. Masu kwale-kwale na jiran baƙi a wurin, mata kuma na gasa jatan lande. A nan muka tuna darasin tarihi: sunan Kamaru ya samo asali ne daga kalmar da Turawan Fotugal ke kiran jatan lande, saboda yawansa da suka tarar a kogin Wuri.

Daga nan muka nausa kudu zuwa ƙauyen masunta na Eboje, inda kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a cikin yashi. Uwar kan haƙa rami ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne, ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Zafin yashin ne ke sa su zama maza ko mata: idan ya yi yawa, mata sun fi yawa. Ɗan rakiyarmu ya hana mu kunna tocila, domin haske na firgita uwar ta juya ba ta yi ƙwan ba.

Mashaya kuwa, a bakin tekun Kiribi ba a rasa su, ga kiɗa har tsakar dare. Wasu matasa da muka haɗu da su suka ce mu taɓa giya ko sau ɗaya, ai babu wanda ya san mu a nan. Gaskiya, maganar ta ɗan shigi ɗayanmu. Sai muka tuna masa cewa ko gida ba su gani ba, mu mun gani, shi ma ya gani. Muka sayi lemo da gasasshen kifi, aka ci gaba da hira, babu wanda ya raina mu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ya faru ne ana gobe za mu tafi. Abokinmu da ya saba iyo a kogin garinsu ya faɗa teku yana cika baki. Kafin mu ankara ruwa ya fara jansa ciki, yana ta ƙoƙarin dawowa amma nisa yake ƙarawa. Wani masunci ne ya bi shi da kwale-kwale ya ciro shi, jikinsa na rawa. Masuncin ya bayyana mana cewa ruwan da igiya ta turo gaɓa yana komawa ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Wanda ya faɗa cikinta kada ya yi kokawa da ita; ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Da mun tambaya tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Don haka, duk ranar da kuka tashi irin wannan tafiya, ko da ta makaranta ce, ku nemi izinin iyaye, ku ware kuɗin komawa daban, ku kuma tambayi 'yan gari kafin ku sa ƙafa a ruwan da ba ku sani ba. Abokin namu yana nan lafiya, har ya ce a gaishe ku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.