Kafin a mayar da WAEC kan kwamfuta: idan yaro ya zauna, me zai danna?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshe, musamman iyaye da malaman sakandare na Rurum, Rano da Kibiya.

Tun da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a 2025 cewa jarrabawar WAEC da NECO za ta koma kan kwamfuta zuwa 2026, muhawarar ta tsaya a kan wutar lantarki, intanet da yawan kwamfutoci. Majalisar Wakilai ma a Nuwamban 2025 ta nemi a jinkirta abin zuwa 2030. Duk waɗannan damuwa ce ta gaskiya. Amma akwai wani abu da ban ji ana tattaunawa ba, wataƙila don ana ganin ƙarami ne. A ɗauka an kawo wutar, an kawo kwamfutar, an zaunar da yaro daga Rurum Tsohon Gari a gabanta. To me zai danna?

Wanda ya saba da kwamfuta zai yi dariya. Ai sai ya kama linzami, wato maus, ya kai kibiya kan amsa ya danna. (Kibiyar kan allo nake nufi fa, ba maƙwabtanmu ba.) To amma duk wanda ya taɓa koya wa wani kwamfuta ya san yadda ranar farko take. Hannu yana kan tebur, ido yana kan allo, kibiyar ta gudu can gefe ta ɓace. Ya danna sau biyu inda ake son ɗaya, ya danna na dama a maimakon na hagu, wani jerin zaɓi da bai sani ba ya buɗe masa, gabansa ya faɗi. Yaranmu sun iya waya, wannan ba musu, amma shafa gilashi da yatsa daban, jan linzami daban. A jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda ya ɓata daƙiƙa 10 yana neman kibiya a kowace tambaya ya yi asarar rabin awa cur, alhali ya san amsar.

A nan ne nake jinjina wa JAMB. Hukumar ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta fito da tsarin maɓallai takwas domin ɗalibi ya iya yin jarrabawar ba tare da ya taɓa linzami ba. A, B, C da D su ne amsoshi. N ya kai ka tambaya ta gaba, P ya dawo da kai ta baya, S ya miƙa jarrabawa, R ya mayar da kai ciki idan ka fasa miƙawa. Akwai kuma Y na tabbatar da cewa lallai ka gama. Wanda yake son linzami yana nan, ba a hana shi ba. Wannan tunani ne na mutanen da suka tuna akwai ɗan ƙauye a cikin masu zana jarrabawar.

Sai dai tsarin bai cika ba, kuma ga inda nake ganin gyara. Ku ɗauki kibod ku duba layin tsakiya. Haruffa uku na farko su ne A, S, D. Wato maɓallin miƙa jarrabawa yana zaune daidai tsakanin amsoshi biyu. Yaro yana sauri, hannu na rawa, ya nufi A ko D yatsa ya sauka a kan S. E, kwamfutar za ta tambaye shi ko ya tabbata, amma da Turanci, kuma a lokacin da hankalinsa ya tashi. Idan bai san aikin R ba, zai zauna yana kallon allo yana tsoron taɓa komai, lokaci yana tafiya. Na biyu, N da P da S farkon kalmomin Next, Previous da Submit ne. Ɗan makarantar kuɗi a Nasarawa cikin Kano zai gane su a take. Namu sai ya haddace su kamar lambar waya, kuma abin da aka haddace ba tare da ma'ana ba shi ne yake fara gudu idan tsoro ya zo.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙauyanci ce. Ƙwararrun masu rubuta manhaja ma tana kama su. Akwai irin manhajojin da suke aiki a baƙin allon nan mai rubutu zalla, wanda ake kira tamina. Ɗaya daga cikin shahararrunsu ita ce Vim, wadda idan ka buɗe fayil a cikinta ba ta nuna maka hanyar fita, sai ka san za ka danna Esc ka rubuta :q da kanka. A 2017, tambayar yadda ake fita daga Vim a shafin Stack Overflow ta kai an duba ta sau miliyan ɗaya. Masana kwamfuta ke nan fa. Ita kuwa nano, wadda take irin wannan aikin, ta jera maɓallanta a ƙasan allo, kullum suna gabanka, shi ya sa sabon shiga ya fi samun natsuwa da ita. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya fitar da sabuwar manhajar tamina mai suna Edit, ya sa mata jerin zaɓi da za ka iya buɗewa da linzami ko da kibod, kowane umarni da gajeriyar hanyarsa a rubuce a gefensa. Darasin ɗaya ne: a nuna wa mutum abin da zai danna, kada a bar shi da hadda, kuma a ba shi hanya biyu ya ɗauki wadda hannunsa ya fi sabawa da ita.

Darasi na biyu kuma a aljihunmu yake. Kun tuna lokacin da kowane layin waya yake da lambarsa ta duba kuɗi? MTN *556#, Airtel *123#, kowa da tasa. A 2023 hukumar NCC ta haɗe su: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data, a kowane layi. Yanzu dattijon da ya koya sau ɗaya ya huta, ko ya canza layi. Haka Ctrl da C, Ctrl da V suke: amfaninsu shi ne kusan kowace manhaja ta yarda da su. Idan WAEC ta zo da nata maɓallan, NECO da nata, JAMB da nata, TRCN mai jarraba malamai ita ma da nata, to mun ɗora wa yaro ɗaya hadda uku a shekara ɗaya, malaminsa kuma ta huɗu.

Na san abin da wasu abokai za su ce: duniya ta koma kwamfuta, gara a bar yara su sha wahalar su koya, sauƙaƙawa lalata su ne. Na yarda dole su koyi kwamfuta, kuma jami'a ma za ta nemi hakan daga gare su. Amma wurin koyon shi ne aji. Jarrabawar Kimiyya ko Lissafi an yi ta ne don a auna Kimiyya da Lissafi. Idan yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu ta rasa maki saboda linzami ya ƙi mata, mun auna aljihun mahaifinta ne, ba ƙwaƙwalwarta ba. Mu ma'aikata ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: jarrabawar ƙarin girma tana komawa kwamfuta a wurare da dama, kuma akwai masu shekara 20 a bakin aiki da har yau akawu ne yake buga musu takarda. Abin da muke nema wa yara, kanmu muke nema wa.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ga hukumomin jarrabawa: su zauna su amince da maɓallai iri ɗaya, tunda na JAMB sun riga sun shiga kan mutane a ɗauke su. A rubuta aikin kowane maɓalli a ƙasan allo daga farkon jarrabawa har ƙarshe. A ɗauke miƙa jarrabawa daga tsakanin A da D, ko a sa kada ya yi aiki sai an danna shi tare da wani. Bayanin yadda ake amfani da na'urar kuma a samar da shi da Hausa da sauran manyan harsuna, tambayoyin su tsaya da Turancinsu.

Ga mu kuma a gida, ba sai mun jira Abuja ba. Koyar da maɓallai tara ba ya buƙatar wuta. Tsohon kibod da ya mutu ya isa, ko malami ya zana shi a kwali, yara su riƙa ɗora yatsa yana kiran tambaya. Ƙungiyoyin ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai na Rano da Kibiya, masu laftof a cikinmu suna da yawa, Asabar biyu ko uku kafin jarrabawa ta wadatar kowane ɗan SS3 ya zauna gaban allo ko da na minti 30 ne. Iyaye kuma, jarrabawar gwaji da JAMB take yi kafin ta gaske ba dole ba ce, shi ya sa da yawa suke tsallake ta don rage kuɗi. Ga wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, wallahi ta fi wani darasin ƙarin muhimmanci. Mun biya kuɗin rajista, mun biya na mota, kada mu yi rowar wannan.

Malamanmu da suka raka ɗalibai cibiyoyin jarrabawa, ku gaya mana abin da kuka gani, ku ne kuka fi mu sani. Wanda yake da laftof ko tsohon kibod da zai ba da aro ya yi magana, mu ga yadda za a haɗa shi da makaranta mafi kusa da shi.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa mu dace. Amin.